Yadda Ake Gyaran Hinjin Ƙofar Mota Idan Ya Cije Ya Karye

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Gafan, kan hanyar Kano zuwa Zariya, lokacin kakar tumatir, zai ga J5 bayan J5 ana danƙara musu kwanduna har baki. Idan lodi ya kammala, sai yaron mota ya turo ƙofofin baya biyu, ya sa kafaɗa ya danna, sannan ya ɗauko igiya ya ɗaure su. Sau da yawa ba yawan kaya kaɗai ne ya jawo igiyar ba. In aka matsa kusa aka duba, za a tarar hinjin sama ya tsage, ko an taɓa yi masa walda ta sake ɓallewa, ga wani jan ruwan tsatsa ya gangaro ya bushe a jikin fenti. Kamfanin Peugeot ya fara fitar da J5 a 1981, Boxer ta gaje ta a 1994, ke nan mafi yawan waɗannan motoci sun haura shekara talatin suna buɗewa da rufewa a kan ƙarafa iri ɗaya. Haka labarin yake a Hiace ta haya, da Sprinter, da Transit ɗin da ke raba burodi da ruwan leda.

Hinji abu ne mai sauƙin fasali. Ɓari biyu ne na ƙarfe, ɗaya a jikin mota, ɗaya a jikin ƙofa, kowanne da kunnuwa masu rami. Sai fin, sandar ƙarfen da ke ratsa kunnuwan ta haɗa su. A motoci da yawa akwai bushin, ɗan zoben tagulla ko na roba mai tauri, da ke zaune tsakanin fin da kunne domin shi ya cinye a maimakon ƙarfen. Fin yana kafe daram a ɓari ɗaya, ɗaya ɓarin ne ke juyawa a kansa. Ranar da ɓarin mai juyawa ya manne da fin, ranar ce kanikawa ke cewa hinji ya cije.

Sai dai ƙofa ba ta daina buɗuwa don hinji ya cije. Direba yana sauri, fasinja na jira, sai ya ƙara ƙarfi ya finciko. Tunda fin ya ƙi juyawa, wani wurin ne zai juya a madadinsa: ko dai wuyan hinjin ya riƙa lanƙwasa, ko jikin ƙofar inda notuna suka kama. Kamar yadda yaro ke lanƙwasa waya gaba da baya har ta yi zafi ta tsinke, haka ƙarfen ke gajiya, a fara ganin fenti yana ɓamɓarewa, sai ɗan siririn layi, sai karaya. Shi ya sa abin da aka saba ji a bakin shagon walda yake da haɗari: "Oga, ɗan ɗiga min walda a nan in wuce, lodi na jira na." Ƙwararren mai walda amsa ɗaya yake bayarwa: "Direba, bari mu ga ko fin ɗin yana juyawa tukuna." In aka like tsagar aka bar fin a cije, ƙarfen zai sake tsagewa dab da waldar, kuma wannan karon wurin ya riga ya sha wuta, ya fi da rauni.

Tsatsa ce kan gaba wajen cije fin. Idan ƙarfe ya yi tsatsa yana kumbura ne, domin tsatsar ta fi ƙarfen da ta cinye cin wuri fiye da ninki biyu, kuma tsakanin fin da kunne babu sararin da ya kai kaurin takarda biyu. Ƙofofin baya na J5 da Transit da Sprinter sun fi shan wannan wahala saboda hinjinsu a waje yake, ruwan damina na sauka a kansa, tayoyin baya na watso masa taɓo. Hunturu kuma yana kawo ƙura ta shiga cikin tsohon giris, su cakuɗe su zama kamar sanfefa, su cinye bushin, ruwa ya sami hanyar shiga. Mai wankin mota da ya saita bakin injin feshi a kan hinji yana wanke ɗan man da ya rage. Ga kuma motocin Beljiyam da ke shigowa ta Kwatano ko Legas: a Turai ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, saboda haka da yawansu da tsatsarsu suke isowa, ko da fenti yana sheƙi. Inda hinjin na alminiyam ne fin kuma na baƙin ƙarfe, alamar daban ce: farin gari ne ke fitowa kamar toka, kuma irin wannan cizon ya fi taurin kai.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane direba da kwandastansa su sani. A ɗauka ƙofar gaba faɗinta mita ɗaya ne, tazarar da ke tsakanin hinjin sama da na ƙasa kuma santimita 40. Idan mutum mai nauyin kilo 70 ya rataya a bakin ƙofar yana hawa, ƙarfin da ke fizgar hinjin sama ya kai kamar kilo 175, ban da nauyin ƙofar kanta. Wannan ne dalilin da ya sa na sama ke fara mutuwa. Lissafin ɗaya ne ta wajen sakwarkwacewa: wasan milimita ɗaya a fin yana zama milimita biyu da rabi a bakin ƙofa, kuma hakan ya isa ƙofa ta riƙa karo da maƙalarta sai an ɗaga ta kafin ta rufu.

Kafin a taɓa sifana, a fara gano ciwon. A buɗe ƙofar kaɗan, kamar taƙi ɗaya, mutum ɗaya ya kama ƙasanta ya ɗaga sama ya saki, wani kuma ya zuba wa hinji ido da tocila. In ana jin ƙwas ƙwas kuma kunnuwa na motsi a kan fin, bushin ne ya cinye. In kunnuwa ba sa motsi ko kaɗan amma jikin ƙofa yana numfashi, yana shiga yana fitowa a gefen notuna, to fin ya cije kuma ƙarfen ƙofar ya fara gajiya. Wata dabara ita ce a ja layi da alli daga kan fin zuwa kunnuwa, a motsa ƙofar, a ga wane ɓari ne layinsa ya goce. A duba kuma ƙarfen nan da ke tsakanin hinji biyu, mai hana ƙofa wuce iyaka. Shi ma yakan bushe ya yi ƙara, a ɗora wa hinji laifin da ba nasa ba. Ƙofar gefe ta Hiace mai zamewa ba ta cikin wannan magana, domin a kan ƙananan tayoyi take gudu.

Aikin gaskiya yana farawa ne kwana ɗaya kafin ranar gyara. A goge hinjin da burushin ƙarfe har datti da busasshen fenti su fita daga tsakanin kunnuwa, sannan a jiƙa shi da man da ke ratsa tsatsa. WD-40 shi aka fi sani a kasuwa, kuma yana taimakawa, ko da yake asalinsa, tun 1953 da aka ƙirƙiro shi a Amurka, don korar ruwa daga jikin ƙarfe aka yi shi. Kananzir ko man dizal da aka gauraya da ɗan man giya mai sarrafa kanta, jan nan, suna yin aiki mai kyau in aka ba su lokaci. A naɗe hinjin da tsumman da aka jiƙa, a bar shi ya kwana, ana ɗan ƙwanƙwasa kunnuwan da ƙaramar guduma lokaci lokaci domin girgizar ta fasa tsatsar, man ya sami hanya. Kanikawa da yawa kan ɗauko man birki, kuma gaskiya yana ratsawa, amma yana cin fenti kuma yana jawo danshi, ke nan maganin yau ya zama tsatsar baɗi. Ya fi kyau a bar shi a tukunyar birki.

Washegari abu na farko shi ne tallafe ƙofar. A sa jak a ƙarƙashinta da katako da tsumma a kai, a ɗaga har nauyin ya bar hinji, ba har ƙofar ta fara ɗaga motar ba. A tsayar da yaro ɗaya wanda aikinsa riƙe ƙofa ne kawai. Ƙofar da ta kuɓuce tana fasa gilashi, tana tsinke wayoyi, tana kuma iya murƙushe yatsun ƙafa. A cire kan batir na baƙar waya, a zare fulogin wayoyin da ke shiga ƙofa ta cikin robar nan mai kama da maƙogwaro, a kwance ƙarfen da ke tsayar da ƙofa. Sannan a ɗauki ƙusa mai tsini ko maka a zagaye hinjin, a zana iyakarsa a jikin mota da jikin ƙofa. Wannan zane na minti ɗaya yana rage aikin awa guda lokacin mayarwa, kuma shi ne abin da masu gaggawa suka fi mantawa. In hinji ɗaya ne ya lalace, a bar ɗayan a ɗaure ya riƙe saitin ƙofar.

Notunan hinji galibi masu kaurin milimita 8 ne. A motocin Japan irin su Hiace kansu na sifana 12 ne, a na Turai kuma 13, ko kuma mai ramin tauraro. Bambancin milimita ɗaya ne, amma shi ke lalata kan noti: in aka sa 13 a kan 12 aka danna, kusurwoyin sun tafi. Soket mai kusurwa shida shi ne daidai, a buga shi ya zauna sosai. In mai ramin tauraro ne, a tsokale dattin ramin da allura tukuna, domin makullin da bai shiga har ƙasa ba zai sule haƙoran. Dabarar tsofaffin kanikawa ita ce a fara ɗan ɗaure notin kaɗan kafin a kwance, sai a riƙa yi gaba da baya, kwata kwatan zagaye, ana ƙara mai. Notin da ya fara kuka yana neman mai ne da hutu. In aka ci gaba da murɗa shi da dogon bututu, zai guntule.

In ya guntule, ba a rasa mafita ba. Idan akwai ɗan guntu a waje, sai a ɗora masa washa, a ɗiga walda ta haɗa su, a ɗora wani noti babba a kai a cika cikinsa da walda. Zafin waldar kansa yana sassauta tsatsar, in ya huce sai a murɗa a hankali. Idan kuwa a ciki ya karye, sai a buga alama a tsakiyarsa daidai, a huda da siririn baki, a riƙa ƙara girma har ɓawon ya rage sirit a tsokale shi, sannan a gyara haƙoran ramin. A kula da abu ɗaya: a motoci da yawa notunan suna shiga cikin wani faranti ne da ke lilo a cikin jikin ƙofa ko ginshiƙi. In aka cire duka notunan lokaci ɗaya, farantin na iya faɗawa ciki, a koma kamun kifi da waya da maganaɗisu. A bar dogon noti ɗaya a ciki ya riƙe shi.

Idan hinjin mai kwancewa ne, a kai shi teburi, domin a kan teburi ake cin galabar fin. A fara duba yadda aka kulle shi. Wani da ɗan zoben ƙarfe a ƙasa, wani an baje ƙarshensa da bugu tun daga kamfani, sai an goge wannan bajewar da magagari ko injin gurza. Kusan kowane fin yana da kai a gefe ɗaya, ƙarƙashin kan kuma akwai 'yan haƙora da ke cije kunne. Daga ɗaya gefen ake tura shi, ya fita ta wajen kansa. Wanda ya bugi kan yana ƙara kafa shi ne.

Nan ne aka fi yin ɓarna. Yaron gareji ya ɗauki guduma ya hau bugun ƙarshen fin kai tsaye, ƙarshen ya baje kamar laimar kwaɗi, ya fi ramin faɗi, shi ke nan an rufe hanyar fita da hannu. Yadda ya dace shi ne a ɗora hinjin a kan soket ko guntun bututu wanda raminsa ya fi kan fin faɗi, ya zamana kunnen yana zaune a kan abu mai ƙarfi fin kuma yana da wurin faɗawa. Sai a sa gajeren ƙarfen turawa wanda ya ɗan fi fin siranta, a yi bugu mai nauyi da babbar guduma, biyu ko uku, maimakon ƙananan bugu hamsin. Gajere ake fara sawa domin dogo yana lanƙwashewa, sai fin ya motsa a canza zuwa dogon. Wanda ke da matsar teburi ya fi kowa sa'a: soket a gefe ɗaya, guntun noti mai tauri a ɗaya gefen, a matse sosai, sannan a bugi jikin matsar da guduma. Sau da yawa sai a ji ƙas, fin ya zame kaɗan. Da zarar ya motsa, a ƙara mai, a mayar da shi baya, a sake turowa. In hinjin a jikin mota yake da walda, ba ya kwancewa, to dole wani ya tokare bayan kunnen da babbar guduma yayin da ake bugu, in ba haka ba ƙarfin bugun a jikin ƙofa zai ƙare, ya lotsa ta.

Wuta ita ce mataki na gaba. Hikimar ita ce a gasa kunnen da sauri ya buɗe kafin zafin ya kai ga fin, saboda haka bakin wuta a wajen kunne yake zama. Ba a bukatar ya yi ja zur. In ya fara canza launi ya isa, sai a koma bugu da zafinsa. In ya ƙi, a bar shi ya huce, a zuba mai, a maimaita, domin kumburi da tsukewa suna farfasa tsatsar. Hinjin alminiyam yana da tarko: yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ba, mutum yana jiran launi sai ya ga ƙarfe ya zube. Maganaɗisu ne ke raba gardama, in bai kama ba a yi hattara. In a jikin mota za a sa wuta, a share duk man da aka zuba, a cire robar ƙofa da kwalin ciki, a kare fenti da gilashi da jiƙaƙƙen tsumma da guntun kwano, a ajiye bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara a kusa. A Sprinter da Transit bakin tankin mai yana nan dab da ƙofar gaba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin a cire ƙofa a kai ta nesa.

Akwai fin da ba ya jin mai, ba ya jin wuta. Irin wannan yanka shi ake yi. A zura bakin zarto a ɗan sararin da ke tsakanin kunnuwa, a yanke fin sama da ƙasa, hinjin ya rabu biyu. Yanzu maimakon doguwar sanda da ta cije a wuri uku, an sami gajerun guntaye uku, kowanne a fitar da shi shi kaɗai. Wanda ya ƙi fita a huda shi: alama a tsakiya, baki na milimita 3 ko 4 da farko, injin yana tafiya a hankali ana ɗiga mai. Gudu yana ƙona bakin, kuma in hudar ta karkace ta ci jikin kunne, hinjin ya tashi aiki.

Bayan fin ya fita, a naɗe sanfefa a jikin siririn ƙarfe a goge cikin kunnuwa har su yi haske, a duba ramin da kyau. In yana nan da'ira, sabon bushin da sabon fin sun wadatar. Bushin matsa shi ake yi da dogon noti da washa biyu, ba a buga shi da guduma, domin tagulla na darewa. In ramin ya zama kamar ƙwai, sai a kai wa mai injin juya ƙarfe ya faɗaɗa shi ya yanko bushin daidai da shi, ko a cike da walda a sake hudawa. Abin da ake yawan gani a tasha, wato a cusa guntun rodi ko babbar ƙusa, ba gyara ba ne. Rodi yana da gargada kuma bai cika ramin ba. Noti mai haƙori tun daga sama har ƙasa ya fi muni, domin haƙoran suna gurzar kunne kamar magagari duk buɗewa ɗaya. In dole sai an yi amfani da noti, a nemi wanda wuyansa santsi ne har ya ratsa duka kunnuwan, mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, a kulle shi da noti mai roba a ciki, kuma kada a matse har kunnuwa su haɗe.

Sai karayar kanta. Hinjin baƙin ƙarfe yana karɓar walda in aka yi ta yadda ya kamata. A goge fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a fafe bakin karayar gefe da gefe ya zama kamar kwari domin walda ta shiga ciki, a haɗa ɓarin biyu da fin a cikinsu, a ɗiga a wuri biyu, a gwada juyawa, sannan a cika gaba da baya. Bushin na roba ko na tagulla sai bayan walda ake saka shi. Kada a tsoma ƙarfen a ruwa don ya huce da wuri, yakan yi tauri ya zama mai saurin darewa. Hinjin alminiyam da ya karye, ko wanda aka taɓa yi wa walda sau biyu, canji ya fi masa. A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Katako ta Yamai, ana samun na Beljiyam da aka ciro daga motocin da aka yanka. A tafi da tsohon a hannu, domin na hagu da na dama, na sama da na ƙasa, sukan bambanta, haka ma wanda ke buɗewa rabi da wanda ke naɗe ƙofa har jikin mota. A juya shi da hannu a gaban mai kaya: ya yi tauri kaɗan amma ya tafi sumul, babu wasa.

Inda jikin ƙofa ne ya yage, aikin na fanel bita ne, kuma ya fi na hinji laushi. Kwanon jikin mota bai cika wuce milimita ɗaya ba. Sandar walda geji 12, mai kaurin milimita 2.5, tana iya huda shi nan take in wuta ta yi yawa, shi ya sa waldar gas ko injin waya suka fi dacewa, ɗigo ɗigo ana hutawa. A fara huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen kowace tsaga domin ta daina tafiya. Sannan a yanko faranti mai kaurin milimita 2 ko 3, wanda ya fi wurin faɗi sosai, a sa shi ta ciki, notunan hinji su ratsa ta cikinsa, nauyin ya bazu a kan ƙarfe mai lafiya. Ƙarfen da aka yi wa rufin zinki yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, saboda haka a fili ake irin wannan walda, iska na kaɗawa. Wayar ƙasa ta injin walda kuma a maƙala ta kusa da wurin aiki, kada wuta ta bi ta cikin hinji ko wayoyin mota.

Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne fin na sama da na ƙasa su zauna a kan layi ɗaya. In ɗaya ya karkace ko kaɗan, ƙofar za ta riƙa yaƙi da kanta, ta yi tauri a tsakiyar buɗewa, sabon bushin ya cinye cikin 'yan watanni. Inda fasalin ya ba da dama, a zura doguwar sanda miƙaƙƙiya ta ratsa hinji biyun kafin a ƙarasa walda.

Wajen mayarwa, a cire maƙalar kwaɗo da ke jikin ginshiƙi tukuna. Wannan ƙaramin mataki ne da ke bambanta ƙwararre da mai koyo. In maƙalar tana nan, ita za ta riƙa ɗaga ƙofar tana ɓoye kuskuren saiti, nauyin da ya kamata hinji ya ɗauka ya koma kan kwaɗo, bayan wata biyu kwaɗon ma ya lalace. A ɗora hinji a kan zanen da aka yi, a ɗaure notuna rabi rabi, a tura ƙofar a hankali a duba tazara: ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, kamar milimita 4 zuwa 5, layin jikin ƙofa ya haɗu da layin jikin mota. Masu gwaninta kan bar bakin ƙofar ya ɗan ɗara sama da milimita ɗaya, domin in aka sauke jak za ta zauna. A ƙofofin baya, wadda ake fara rufewa ita ake fara saitawa. In komai ya daidaita sai a ƙarasa ɗauri. Noti mai milimita 8 ba ya son a hau shi da ƙafa, ƙarfin hannu ɗaya a kan sifana madaidaiciya ya ishe shi. Daga nan a mayar da maƙalar, a saita ta ta shiga tsakiyar bakin kwaɗo ba tare da ƙofar ta ɗaga ko ta sauka ba.

Gwajin ƙarshe da takarda ake yi. A sa ta tsakanin roba da jikin mota, a rufe, a ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, akwai kafa a wurin. A ƙofofin baya wannan kafa ba ta ƙura kaɗai ba ce: iskar da ke bin bayan mota tana tsotso hayaƙin salansa zuwa ciki, kuma fasinjan kujerar ƙarshe ne ke shaƙarsa daga Kano har Jos.

Duk inda wuta ta taɓa, a goge a shafa jan fenti na hana tsatsa, har ta cikin ƙofa, kafin fentin sama. Fin kuma a shafe shi da giris kafin ya shiga, a share wanda ya bulbulo waje don kada ya tara ƙura. Daga nan hinjin yana bukatar ɗigon mai sau biyu a shekara, ɗaya idan hunturu ya wuce bayan an wanke ƙurarsa, ɗaya kafin ruwan farko, da kuma duk ranar da aka yi wa mota wankin injin feshi. Ana ɗigawa a saman fin da tsakanin kunnuwa, a kaɗa ƙofar sau goma, a goge jan ruwan da ya fito, a sake ɗigawa har abin da ke gangarowa ya zama mai tsabta.